Hutun Janareto a Bayan Gilashi

Duk layin babu wanda bai san Janareto ba, wanda bai san fuskarsa ba ma ya san muryarsa. Shi ne manajan shagon katifun nan na kwanar titi, mai ƙaton gilashi a gaba da ɗakin ɗinki a baya. Mai askin da ke tsallaken titi ne ya liƙa masa sunan, wai tun da aka tayar da shi ba a sami wanda ya san inda ake kashe shi ba. Maimakon ya ji haushi, sai gogan naku ya ɗauki abin kirari.

"Ni ɗin nan da kuke gani," in ji shi, "rabona da hawa gado har na manta. A kujera nake ɗan rintsawa, waya a ƙirji. Ranar da na juya wa shagon nan baya, wallahi sai dai ku zo ku kwashi toka."

Mutum yana sayar da katifa, yana alfaharin ba ya hawa katifa. To, Allah ya kyauta.

Shagon dai na mahaifinsa ne. Baba ya kafa shi tun yana da ƙarfi, da gwiwa ta fara ciwo sai ya miƙa wa babban ɗansa makullai, ya bar wa ƙanwar Janareto kula da teloli da masu yankan soso. Makullan nan su ne ran Janareto. A ƙugu yake rataye su, ko banɗaki za shi sai ya karkaɗa su kowa ya ji manaja zai wuce.

Bayan makullai, abin da ya fi ji da shi a duniya wata katifa ce da ya ƙirƙiro da kansa, ya sa mata suna Mai Ƙashin Baya. Ya ga guntayen soso suna zubewa a banza, sai ya sa a tara su a cakuɗa da gam, a danne su da kwali mai kauri, a shimfiɗa a tsakiyar katifa daga kai har ƙafa, wai don ta riƙe bayan mutum. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ka taɓa kwanciya a kanta?" Ya ce shi ba ya bukata, a ƙwaƙwalwa ya gwada ta. Duk wanda ya dawo yana dafe da ƙugu kuwa, amsa guda yake samu: "Bayanka ne ya karkace. Yi haƙuri, katifar miƙe shi take yi."

Ana cikin haka shekara ta zo gangara. Wata safiya yana tsaka da zazzaga wa direba masifa, sai jiri ya kwashe shi, ya zube a kan tulin matasai. Likita ya auna jininsa, ya cire tabarau ya goge, ya sake aunawa, sannan ya ce ko dai ya kwanta da ƙafarsa ko a kwantar da shi.

Da yamma Baba ya dogaro sandarsa ya zo shago, ya zauna a kan kujerar manaja, ya miƙa hannu.

"Kawo makullan."

"Baba, wane makullai?"

"Na ƙugunka. Zan riƙe su har shekara ta fita. 'Yan kwanakin nan da suka rage, ka huta. Ba waya, ba ba da umarni, ba sa hannu a aiki. In ka iya, ranar ƙarshe in mayar maka. In ka kasa, ƙanwarka zan ba, kuma ba na karɓowa."

Janareto ya hango abin da ke gabansa. Ga katifun sabon masaukin baƙi da za a kai ranar buɗe shi, cinikin da ya fi kowanne girma a shekarar. Ga ƙanwarsa tsaye a bakin ƙofa da tef a wuya tana kallon silin kamar ba ta ji ba. Amma da ya lura teloli sun tsayar da keke suna saurare, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Hutu? Haba Baba, ai da ka ce wani abu mai wuya. Ni ban huta ba ne don ban ga dama ba. Manyan shugabanni duk haka suke yi, ƙarshen shekara su miƙe ƙafa su yi nazari. Dama ina da niyya. In na tashi hutawa, za a ga hutun da ba a taɓa gani ba a layin nan."

Matarsa ta ce alhamdu lillahi, bari ta je ta gyara ɗaki. Ya ce ina! Hutun da aka yi a ƙuryar ɗaki wa ya gani? A bayan gilashin shago zai kwanta da rana, jama'a su kalla su koya, ya zama talla. Bai faɗi ɗaya dalilin ba, wato daga wurin yana hango teburin ciniki da ƙofar ɗakin ɗinki gaba ɗaya.

Baba ya kalle shi, sannan ya ce, "To. Mai aski ne alƙali, tunda shagonsa na kallonka."

Mai aski ya ce ko kyauta ne ya karɓi aikin.

Kafin dokar ta fara aiki, Janareto ya ba da umarninsa na ƙarshe: a kafa gado a bayan gilashi, a ɗora masa Mai Ƙashin Baya, a rataya ƙyalle a rubuta KU ZO KU GA YADDA SHUGABA KE HUTAWA. Ƙanwar ta tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata ita yake so. Ya ce in ba ita ba wace? Ta shiga can ƙuryar sito ta sa aka zaƙulo masa guda, aka kaɗe mata ƙura.

Washegari da hantsi ya fito cikin sababbin kayan barci masu ratsi-ratsi da hular sanyi, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa jama'a jawabi a kan amfanin hutu. Jawabin ya yi tsawo har mai aski ya ɗaga hannu daga tsallake.

"Ranka ya daɗe, wannan hutun ne ko share fage?"

"Kai dai aski ka sani. Shi hutu ilmi ne."

Ya hau gado, ya ja bargo, ya harɗe hannu a ƙirji, ya lumshe ido yana murmushin manya. Mutane suka yi tafi.

Murmushin bai daɗe ba. Wani abu mai tauri ya tokare shi tun daga wuya har ƙugu, kamar an kwantar da shi a kan taɓarya. Ya gyara zuwa dama, ya gangara. Ya koma hagu, ya gangara. Ya dawo tsakiya, abin ya ce ina nan ina jiranka. Ya ce a ransa lallai wani telan ne ya yi ha'inci, in an mayar masa da makullai sai ya ci mutuncinsa.

Ƙofar shago a buɗe take dab da gilashin, duk abin da aka faɗa ciki da waje yana ji. Can sai ya ji wani ma'aikaci yana shirin rage wa wata mata farashin matashi. Jininsa ya tafasa. Ya yi tari. Ba a kula ba. Ya yi gyaran murya mai ƙarfi har gilashi ya amsa. Aka rage, matar ta ɗauki matashinta ta tafi tana godiya.

Nan dabara ta faɗo masa. An hana shi ba da umarni, amma ai ba a hana mai barci magagi ba. Ya saki wani minshari na ƙarya, khrrr, sannan ya fara magana ido a rufe, murya a shaƙe.

"Khrrr... kada a sake ragewa... khrrr... a share bakin ƙofa... wanda ke kan keke na biyu ya daina hira..."

Ƙanwar ta leƙo ta ƙwala wa mai aski kira.

"Alƙali, wannan fa?"

Mai aski ya tsallako da almakashi a hannu, ya bar mutum da rabin kai, ya kanga kunne a jikin ƙofa.

"Khrrr... a ce wa direba ya duba taya..."

"To," in ji mai aski, "hukunci biyu ne. In idonsa biyu, ya karya doka, makullai sun tafi. In barci yake, magagi ne, kuma mai hankali ba ya bin maganar mai magagi. Ranka ya daɗe, wanne ne?"

Janareto ya ƙara matse ido. Sannan ya ja wani dogon minshari.

"Barci yake," in ji mai aski. "Kada wanda ya duba taya."

Aka tuntsire da dariya, har direban ya riƙe ciki.

Kafin azahar bakin gilashi ya cika. Mai gyaran waya ya rufe rumfarsa ya zo, masu jiran mota suka bar mota ta wuce. Sai ga wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, tana tafe a karkace da 'yar kujerar roba a hannu. Janareto ya hango ta ta ƙasan ido, ya gane ta. Ita ce ta sayi Mai Ƙashin Baya da kuɗin sallamarta daga aiki, ta yi ta zarya tana kuka da bayanta, yana sallamar ta da amsar nan tasa.

Ta dasa kujera dab da gilashi, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Sannu da hutawa, ɗana."

Ya yi kamar bai ji ba. Abin ya soke shi a ƙugu, ya juya.

"Ya juya," in ji ta ga jama'a. "Yanzu zai ɗaga gwiwa. Ni ma haka nake farawa."

Ya yi ta maza, ya ƙi ɗagawa. Gumi ya karyo masa. Daga ƙarshe gwiwar ta ɗaga kanta.

"Ga shi nan. Saura ya cusa hannu a ƙarƙashin ƙugu. Daga nan sai rub da ciki, daga rub da ciki sai salati."

Duk abin da ta faɗa sai da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da shewa kamar ana kallon ƙwallo. Da ya kai kan salatin, malama ta ƙwanƙwasa gilashi da zobenta.

"Yi haƙuri, ɗana. Bayanka ne ya karkace. Katifar miƙe shi take yi."

Kai, ranar an yi dariya a layin nan. Wani mutum da ya zo da matarsa sayen katifa ya tsaya ya kalli manaja yana murƙususu, ya ja hannun matar ya ce, "Mu tafi. Mai abin ma ya kasa barci a kai." Abin haushi kuma, a tsallaken titi ga wani mai jiran aski ya miƙe a kan bencin katako, baki buɗe, yana sharar barcinsa hankali kwance. Mai aski ya nuna shi da tsinin almakashi.

"Ranka ya daɗe, ko in aiko maka da bencin?"

"Nazari nake yi!" Janareto ya daka tsawa, ya manta barci yake. "Shugaba in yana nazari dole ya motsa!"

Gaskiyar magana kuwa, nazarin ya zo masa ba da son ransa ba, kuma ta baya ya shigo. Ba telan da ya yi ha'inci. Yadda ya tsara abin haka aka yi shi, tudun nan nasa ne. Ya tuna fuskokin duk waɗanda ya kora suna dafe da ƙugu, kunya ta rufe shi har ya ja bargo ya rufe kai. A cikin bargon ne wani tunanin ya faɗo masa, wanda ya fi tudun ciwo. Katifun masauki! Shi da bakinsa ya ce duk a yi su Mai Ƙashin Baya. Gobe za a kai su. Baƙi za su kwana a kai, su tashi a karkace, su watsu cikin duniya suna tsine wa shagon Baba.

In ya ce a tsayar da kayan, ya ba da umarni, makullai sun tafi. In ya yi shiru, shago ya mutu da makullan a ƙugunsa. In kuma ya kira ƙanwarsa ya gaya mata gaskiya a asirce... a'a, wannan kam gara jirin ya dawo.

Mai hankali da nan ya sauko daga gado ya nemi Baba. Amma Janareto ne. Ya ce a ransa, "Ai shugaba ba ya rasa mafita."

Washegari, ranar buɗe masauki kuma ranar ƙarshe ta shekara, ya riga kowa zuwa, yana tafiya kamar wanda ya haɗiyi sanda. Ya hau gado a gaban idon mai aski, ya ce yau barcin manya zai yi, kada a tashe shi ko gobara ake. Ya jira har mai aski ya sami kai ya duƙufa, ma'aikata kuma suka gama lodi suka koma ciki shan ruwa. Wuf ya sauko, ya jera matasai a tsawon gado, ya lulluɓa musu bargo, ya ɗora hular sanyinsa a sama. Ya rarrafa ta bayan teburin ciniki, ya zari babban almakashin yankan yadi, ya fice ta ƙofar baya, ya haye motar kaya ya maƙale a bayan katifu. Shirinsa mai sauƙi ne, a ganinsa: kafin a isa, zai farke kowace katifa ta gefe, ya zare tudun, ya tura shi ƙarƙashi. Yadda zai ɗinke su kuma, ya ce in an je can a gani.

Direba ya zo ya rufe ƙofa, ya sa sakata, mota ta tashi.

Cikin ɗan hasken da ke shigowa ta tsagar ƙofa, Janareto ya farke ta farko, ya zura hannu har kafaɗa yana lalube. Soso. Ya ƙara farkewa. Soso dai, lallausa, babu kwali babu gam. Ya ce watakila an nutsa shi can ciki, ya yi ta yagar soso yana watsarwa har ya huda ta ɗaya gefen. Babu. Ya kama ta biyu, ya yi mata abin da ya fi na farko. Babu.

"Ikon Allah," in ji shi. "To ko hannu ba ya ji, sai baya?"

Ya hau ta uku ya miƙe, don bayansa ya nuna masa inda tudun yake, tunda yanzu ya zama gwani. Ya jira sukar. Shiru. Katifar ta karɓe shi ta rungume, ƙugun da ya kwana yana zogi ya saki. Mota na tafiya tana ɗan jijjiga shi a hankali. Ya ce bari ya ƙara jira kaɗan, watakila tudun sai an daɗe yake fitowa. Bari dai ya rufe ido ya fi jin sa sosai.

Iyakar abin da ya sani ke nan.

Sauran labarin daga baya aka ba shi, kuma kowa a layin sai da ya ba shi nasa. Wai malama ta zo da kujerarta ta zauna, ta ga yau mutum ko motsi. Jama'a suka fara cewa lallai manaja ya iya, har wani ya shiga tambayar farashi. Malama ta ce ita fa ta san katifar nan, babu mai rai da zai kwanta a kanta haka. Ta ƙura ido ta ce bargon ba ya ɗagawa. Kafin ka ce me, labari ya kai gida. Matarsa ta taho ba takalmi tana kururuwa, Baba na biye da sanda, ƙanwar ta watsar da tef ta yi kan gado tana "Yaya! Yaya!" Ta fizge bargo, hula ta gangaro ƙasa, matasai suka bayyana a jere.

Mai aski ya duba ya ce, "Ai kuwa ya huta har ya zama matashi."

Wani tela ya ce babban almakashi ya ɓace. Ƙanwar ta dubi ƙofar baya a buɗe, ta dubi inda mota ta tashi, ta dafe kai. Aka cika motoci biyu, har da malama da kujerarta, aka bi sawu.

A masauki kuwa taro ya yi taro. An kafa rumfa, an jera kujeru, lasifika na tashi. Mai masauki, wani mai tumbi da son a yaba masa, ya riƙe makirfo ya ce yanzu jama'a za su ga irin shimfiɗar da ya tanadar wa baƙinsa, daga shagon da ba a wasa. Direba ya ja baya da mota har gaban rumfa, ya zare sakata, ya wangale ƙofa. Daidai lokacin mutanen layi suka iso.

Farko guntayen soso ne suka zubo. Sannan aka ga katifu biyu a farke kamar kura ta bi ta kansu. Sannan ga manaja a kan ta uku, cikin kayan barci masu ratsi, soso a gashi, soso a gemu, almakashi rungume a ƙirji, baki buɗe, yana wani irin minshari na gaske wanda bai yi kama da na jiya ba ko kaɗan. Mai masauki ya matso da makirfo a hannu don ya gani da kyau, minsharin ya shiga lasifika ya karaɗe unguwa.

Aka kira shi, bai motsa ba. Direba ya danna hon. Matarsa ta girgiza shi tana kuka tana dariya. Daga ƙarshe ƙarti huɗu suka ɗauko shi da katifar gaba ɗaya, suka sauke a tsakiyar rumfa, ya gyara kwanciya ya ƙara jan numfashi.

Mai masauki ya tambaya, "Wai wane ne wannan?"

"Janareto ne," in ji direba.

"Janareton da nake ji? Wanda ba ya barci?" Ya zagaya katifar yana latsa ta da yatsa. "Katifar da ta kwantar da wannan, ai ko ɓarawo aka ɗora a kai sai ya kwana. A ƙaro mini na ɗakunan sama. Amma waɗancan biyun ba da ni ba."

Sai da malama ta tsoma yatsu a ruwan sanyi ta yarfa masa sannan ya zabura ya zauna. Ya ga rumfa, ya ga jama'a, ya ga Baba a tsaye a kansa. Ya yi sauri ya tura almakashin ƙarƙashin cinya.

"Gwaji ne," in ji shi. "Gwajin inganci. Manyan kamfanoni duk..."

"Me kake nema a cikin katifun?" in ji Baba.

"Baba, wato shi shugaba..."

"Me kake nema?"

Ya duba dama, ga malama ta riga ta dasa kujera. Ya duba hagu, ga matarsa da ƙafa duk ƙura saboda shi. Ya amsa ƙasa-ƙasa.

"Ƙashin bayan."

"Ka ce me? Kunnena ya tsufa."

Mai masauki, don taimako, ya kara masa makirfo a baki.

"Ƙashin bayan nake nema in cire!" Lasifika ta kwashe ta watsa. "Ba ya kwantuwa! Azaba ce!"

Malama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe bayana lafiyarsa ƙalau."

Ƙanwar ta durƙusa kusa da shi tana cire masa soso daga gashi. "Yaya, ai tun da damina na daina sa shi. Kullum kana waya, ban sami inda zan gaya maka ba, in na fara kuma sai ka ce a ƙwaƙwalwa ka gwada. Wadda ka kwanta a kai jiya ita kaɗai ta rage a sito."

"To yabon da masu saye ke ta yi mana kwanan nan, ashe ba na ƙashin bayan ba ne?"

Ta ci gaba da tsince soson.

Baba ya ciro makullai daga aljihu ya juya ga mai aski. "Alƙali?"

"Umarni dai bai bayar ba, sai magagi. Hutu kuwa ya yi, duk unguwar nan shaida ce. Sa hannu a aiki, to, ya sa har kafaɗa."

Baba ya daɗe yana murza zoben makullan. Sannan ya zare na ɗakin ɗinki da na sito ya miƙa wa ƙanwar, ya jefa wa Janareto sauran guda ɗaya, na ƙofar gaba.

"Kai ka iya tara jama'a, riƙe gaba. Ita ta riƙe abin da ake kwanciya a kai. Gobe kuma ka ɗauki sabuwar katifa a kanka ka kai wa malama har ɗaki."

Janareto ya rataya makullin a ƙugun wandon barci. Ya ɗan karkaɗa shi. Makulli ɗaya ba ya ƙara.

A hanyar komawa ya zauna kusa da ƙanwarsa. Can ya sunkuyo ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Tsakaninki da Allah, da ba na nan, me ya lalace a shago?"

Ta so ta ƙirƙiro masa wani abu, ko ɗan ƙarami ne, ta duba ta rasa.

"Ba komai, Yaya."

Wannan ta fi tudun katifa zafi, ta fi dariyar rumfa, ta fi makullan da aka zare. Ya juya yana kallon titi ta taga, idonsa ya ciko, ya ce soso ne ya shiga.

Amma Janareto ba a kashe shi gaba ɗaya. Ranar farko ta sabuwar shekara, bayan ya sauke wa malama katifarta, ya zauna a kujerar mai aski ana tsince masa ragowar soso daga gemu, sai ga murya ta dawo.

"Ka san duk abin nan tsari ne? Nazarin da na yi ke nan. Na gano cikakken shugaba shi ne wanda ko yana barci aiki na tafiya."

"Wallahi haka ne, ranka ya daɗe," in ji mai aski. "Ma'aikatanka ma abin da suka ce ke nan. Sun ce in ka shigo in tambaye ka, don Allah yaushe za ka ƙara hutun?"